Darasi na 14: Daga Birik Zuwa Tsakiyar Yawunde da Ƙafa

Akwai mutumin da zai shekara ashirin a Yawunde, amma in ka ce ya lissafa maka wuraren da ya sani, ba za su wuce huɗu ba: ɗakin da yake kwana, rumfar da yake sana'a, masallacin da yake salla, sai tashar jirgin ƙasa inda yake raka masu tafiya gida. Ba ƙyuya ce ta hana shi ba. Neman abinci ya cinye yini, allunan bakin titi da Faransanci aka rubuta su, ga kuma fargabar kada ɗan sanda ya tare shi da tambayar da ba zai iya amsawa ba. Sai ka ga garin yana gabansa kullum, amma bai taɓa buɗe shi ba, kamar littafin da aka ajiye a saman kabad ƙura na hawa.

A wannan darasi yawo za mu fita. Za mu tashi daga ƙofar Babban Masallacin unguwar Briqueterie, mu gangara tsakiyar birni, mu zagayo mu dawo kafin la'asar. A hanya za mu riƙa karanta sunayen wurare, domin a Yawunde kusan kowane suna yana ɗauke da labarin wanda ya raɗa shi. Wanda ya iya haɗa baƙi da wasali ya riga ya sami rabin guzuri. Sauran rabin kuwa takalmi ne mai daɗin tafiya, don garin tudu ne da gangare, har kirari ake masa da birni mai duwatsu bakwai, ko da yake wanda ya taka shi da ƙafa zai rantse sun fi haka.

Unguwa ɗaya, suna uku

Mu fara da inda muke tsaye. A takardun hukuma sunan unguwar Briqueterie, tana cikin gunduma ta biyu ta Yawunde. Ma'anar kalmar a Faransanci ita ce wurin gasa jan bulo, domin a zamanin Jamusawa a nan aka yi matoyar bulon da aka gina gidajen gwamnati da shi. Mazauna gari ba sa wahalar da harshensu, sai su ce La Brique, mu kuma mu ce Birik. Suna na biyu ya girmi wannan: Ewondo, masu ƙasar na asali, suna kiran wurin Ekoudou. Na uku shi ne wanda direban tasi zai iya faɗa maka, wato Unguwar Hausawa.

Wannan suna na uku yana bukatar bayani. A kudancin Kamaru, duk Musulmin da ya sa doguwar riga da hula Bahaushe ne a idon mutanen gari, ko Bafulatani ne daga Garwa, ko Babarbare, ko Kotoko daga bakin tafkin Chadi, ko Bamun daga Fumban, ko ɗan Nijar, ko ɗan Mali, ko ɗan Senegal. Wani lokaci ma su ce mana "magida", kalmar da suka tsinta daga bakinmu, wato mai gida. Ka zauna a teburin mai shayi da safe ka kasa kunne: za ka ji Hausa, ka ji Fulatanci, ka ji Faransanci, wani lokaci duk a bakin mutum ɗaya cikin jimla ɗaya. Fulatanci ne harshen da 'yan arewacin Kamaru suka fi haɗuwa a kansa, amma a ciniki da harkar malanta Hausa na da ƙarfi a Birik.

Hausawa ba jiya suka zo ba. Tun bayan da Modibbo Adama ya karɓi tuta daga Shehu Usmanu Ɗanfodiyo aka kafa daular Adamawa, fatake daga Kano da Katsina da Bauci suka riƙa bin Yola zuwa Banyo da Tibati da Ngaundare, suna neman goro da hauren giwa, suna kai tufafi da kanwa da kayan fata. Daga Tibati hanyar ta gangaro Yoko, ƙasar Bute, ta tsallaka kogin Sanaga ta shigo kurmi. A ƙarshen shekarun 1880 Jamusawa suka kafa sansani a ƙasar Ewondo, suka kewaye shi da shinge. Har yau Ewondo suna kiran birnin Ongola, ma'ana shinge. Sunan Yawunde kansa daga Ewondo ya fito, yadda kunnen Bajamushe ya ji shi. Inda duk aka kafa sansanin soja kuwa, sai an bukaci mai yanka nama da mai sayar da gishiri da mai ɗinki, don haka zango bai daɗe ba ya tsiro a gefe.

Jamusawa sun rasa garin a 1916, lokacin yaƙin duniya na farko. Faransawa suka mayar da shi hedikwatar mulkinsu a 1921, suka ware tsakiyar gari domin ofisoshi da kantuna da gidajensu, aka tura 'yan ƙasa gefe, kowace al'umma da unguwarta. Ta haka zangon Hausawa ya zauna a Ekoudou. Wanda ya san Sabo ta Ibadan ko Zangon Kumasi ko Sabon Zango na Ankara ko New Bell ta Duwala, ya san irin labarin. Abin dariyar shi ne, wurin da aka ɗauka a matsayin bayan gari a wancan lokaci, yau birni ya girma ya kewaye shi ta ko'ina. A ƙidayar 2005 mutanen Yawunde sun haura miliyan 1.8, kuma sun ƙaru sosai tun daga nan. Birik ta zama ɗaya daga cikin unguwannin da suka fi kusa da ofishin firaminista. Masu kuɗi da dama suna shafe awa a cunkoson motoci kafin su iso inda ɗan Birik yake isa da silifa.

Kafin mu fita daga unguwa

Babban Masallacin an gina shi a shekarun 1950, kafin samun 'yancin kai, kuma ya daɗe shi ne babban masallacin Juma'a na birnin. Daga baya aka gina katafaren masallacin Tsinga da taimakon Saudiyya, aka buɗe shi a 1997, a unguwar da ke maƙwabtaka da mu. Duk da haka ranar Juma'a sahu yakan fito har kan kwalta a Birik, motoci su dakata.

Babban titin unguwar na masu tufafi ne. Shadda da atamfa da leshi a jere har rufin shago, bayan shagunan kuma teloli, ƙarar keke ba ta yankewa, musamman goman ƙarshe na azumi. Babbar rigar da muke sawa, mutanen kudu gandura suke ce mata, kuma da yawansu nan suke zuwa a yi musu aikin wuya in biki ya taso. Amma abin da ya fi jawo mutanen gari zuwa Birik hanci ne ke kai su.

Ku tsaya mu kalli mai nama ɗaya. Tun hantsi yaransa suka dawo daga mahauta, ta Etoudi ce babbar mahautar birnin, shanun kuma daga Adamawa da arewa ake kawo su. Yana zaune a kan benci da wuƙa mai tsini, yana fere tsoka falle-falle, siriri har ka hango hasken rana ta ciki. Wani ya tsire a tsinke, wani ya bar shi balangu. Da yamma ta yi sai a hura gawayi ƙarƙashin raga, ya shafa mai, kitse ya fara ɗiga cikin wuta, hayaƙi ya tashi ya rufe titi. In ka matso, kafin ka buɗe baki ya yanko ɗan ƙarami, ya dangwala a yaji, ya miƙo maka a bakin wuƙa.

"Alhaji, ɗanɗana mana. Na yau ne."

"Malam, ai na jiya ma haka ka ce."

"To, ƙarya na yi jiyan?"

Wannan ɗanɗano kyauta ne, amma wanda ya ci ya wuce bai saya ba ya san kunyar da ya ɗauka. Sai a yanka maka a kan takarda, a zuba albasa, a tara yaji a gefe. Yajin nan na ƙuli-ƙuli da citta da barkono, a Kamaru kankan ake kiransa. Suya ta zama soya a bakin mutanen gari, kilishi ya zama kilichi. Wurin da masu naman suka fi taruwa har laƙabi aka yi masa, Ma'aikatar Soya, kamar dai yadda ake cewa ma'aikatar kuɗi ko ta ilimi. A birnin da ma'aikatu suka cika, wannan ba ƙaramar karramawa ba ce, kuma ita kaɗai ce ma'aikatar da ba a cewa mutum ya dawo gobe.

Ku lura da abin da ake haɗawa da naman. A Kano da biredi ko masa za a ba ka. A nan da gasasshiyar agada ake ci, ko da bobolo, wato rogon da aka jiƙa aka daka aka naɗe a ganye aka dafa, abincin Ewondo. Nama daga arewa, rogo daga kurmi, a kan takarda ɗaya.

Ba za mu ɓoye ɗaya fuskar unguwar ba. Ka bar babban titi ka shiga lungu, za ka tarar da gidaje a cunkushe, hanya ba ta wuce kafaɗa biyu ba, ruwan kwata na bin tsakiya, wayoyin lantarki sun harɗe kamar saƙar gizo-gizo. In gobara ta tashi, motar kashe wuta ba ta da inda za ta bi. Kusancin nan da tsakiyar gari da muke alfahari da shi, shi ne kuma ya sa idon hukuma da na masu kuɗi ke kan filayen, kuma an sha rusa gidaje a gefen unguwar da sunan gyaran birni. Wanda yake da gida a nan ya nemi sanin wace takarda ce a hannunsa, ya kuma iya karanta ta da kansa. Takardar cinikin da aka rubuta gaban shaidu daban, takardar mallakar fili ta hukuma daban, kuma ta biyun ce kotu ta fi saurara.

Gangaren Warda

Daga unguwa sai mu gangara mararrabar Warda. Babban ginin nan mai rufi kamar faifai shi ne zauren wasanni da ƙasar Sin ta gina, aka buɗe a 2009, yana ɗaukar mutum fiye da 5,000. Kusa da shi akwai lambun shaƙatawa na Sainte Anastasie, bishiyoyi da inuwa da kujeru. Ba za mu daɗe a nan ba, sai dai wuri ne mai kyau na koyon shiga tasi.

Tasin Yawunde ruwan ɗorawa ce, kuma ta haɗaka ce, kowa da inda za shi. Kana tsaye a bakin titi, direba zai rage gudu bai tsaya ba. Cikin wannan ɗan lokaci za ka sunkuya ka faɗi sunan inda ka nufa, in wurin da nisa ka haɗa da kuɗin da za ka biya. In ya danna oda sau ɗaya, ya yarda, shiga. In ya taka mota ya wuce, ba raini ba ne, hanyarku ce ba ɗaya ba. In takardar kuɗinka babba ce, faɗa masa tun kafin ka zauna, don rigimar canji ta fi kowace rigima yawa a cikin tasi. Babban darasin kuwa shi ne, direba bai san adireshi ba, wuri ya sani. Tituna da yawa suna da suna a takarda, amma ba wanda ke amfani da shi. Mararraba ake faɗa, ko kasuwa, ko kantin magani, ko gidan mai, wani lokaci ma gidan man da aka rushe shekaru da suka wuce. Babur na haya kuwa, wanda a Kano ake kira acaɓa, a Maraɗi kabu-kabu, an hana shi shiga tsakiyar birni.

Titin 20 ga Mayu

Daga Warda kaɗan za mu taka mu fito kan titi mafi faɗi a garin. Ku karanta allon: Boulevard du 20 Mai. Titi ne da aka raɗa wa sunan kwanan wata, kuma sai mun koma baya kafin mu gane dalili.

Bayan an kori Jamusawa, an raba Kamaru tsakanin Faransa da Ingila. Ɓangaren Faransa ya sami 'yanci ranar 1 ga Janairu 1960, Ahmadu Ahijo ɗan Garwa ya zama shugaba. Ɓangaren Ingila kashi biyu ne, na arewa da na kudu, aka kuma yi musu ƙuri'ar raba gardama a watan Fabrairu 1961. Na arewa suka zaɓi Najeriya, shi ne yankin da aka kira Lardin Sardauna, inda Mubi take. Na kudu suka zaɓi Kamaru, aka haɗe ranar 1 ga Oktoba 1961 a matsayin tarayya. Ranar 20 ga Mayu 1972 aka sake kaɗa wata ƙuri'a, aka soke tarayyar, ƙasa ta koma dunƙulalliya. Ita ce ranar da ake biki duk shekara, a kan wannan titi sojoji da 'yan makaranta suke fareti gaban shugaban ƙasa. Ya kamata ɗalibi ya san cewa ba kowa ke kallon ranar da ido ɗaya ba. Da yawa daga masu magana da Ingilishi suna ganin daga nan aka fara tauye su, kuma wannan ƙorafi na cikin tushen rikicin da ya ɓarke a yankunansu tun daga 2016.

A kan titin akwai otal ɗin Hilton da dogayen benayen gwamnati. Kalla da ido, amma kada ka ɗaga waya ka ɗauki hoton ginin hukuma ko na jami'in tsaro. Katin shaidarka kuma ya kasance a aljihu kullum, baƙo ya riƙe takardar zamansa. Mutum mai takarda a aljihu tafiyarsa ma daban take.

Gidan waya, Kennedy da kasuwa

Titin ya ƙare a shataletalen babban gidan waya, Poste Centrale, wanda shi ne cibiyar garin. A takarda sunan dandalin Ahmadu Ahijo, amma ka faɗa wa direba haka ka ga yadda zai kalle ka. A gefe ga babbar majami'ar Katolika, Notre-Dame des Victoires, mai rufi mai tsini kamar tanti, wadda aka keɓe a 1955. Ita da Babban Masallacinmu kusan sa'o'in juna ne.

Daga nan sai titin da kowane saurayi a Birik ya sani, Avenue Kennedy. An sa masa sunan shugaban Amurka John Kennedy, wanda Ahijo ya ziyarta a 1962, aka kuma harbe shi a 1963. Titin gajere ne, amma ba na jin akwai inda ake cinikin waya kamar nan a faɗin birnin. Manyan shaguna na ciki, ƙananan 'yan kasuwa na kan dakali. Ga mai gyara da ɗan teburinsa, ya buɗe cikin waya yana lalube da ɗan hantsaki, gilashi a ido. Ga mai manna gilashin kariya, ga mai tura waƙoƙi, ga wanda ba shi da tebur ko kaɗan, kayansa na cikin aljihun jaket, yana binka yana raɗa maka farashi a kunne.

Ni kaina na taɓa biyan kuɗin makaranta a wannan titi. Wani saurayi ya nuna mini waya tana aiki sarai, muka daidaita, ya ce bari ya sa mini a kwali. Na iso gida na buɗe, wayar da na gani daban, wadda na tarar daban, ko kunnuwa ba ta yi. Washegari na koma, inda yake tsaye jiya wata mai gyaɗa ce zaune. Laifina ne: na bar kaya ya bar idona bayan ciniki ya faɗa, ban kuma karɓi rasit ba. A nan rasit facture ake ce masa. Ka nemi a rubuta maka sunan shago, irin wayar, lambar jikinta, kuɗi da kwanan wata, ka karanta kafin ka miƙa ko sisi. Mai kayan halal ba ya ƙin rubutawa.

Tun da zancen kuɗi ya zo, ga abin da ke rikita baƙi daga Nijar. Sefa iri biyu ce. Ta Afirka ta Yamma daban, ta Afirka ta Tsakiya daban, duk da darajarsu ɗaya a kan Yuro, wato sefa 655.957. Kamaru da Chadi da Gabon da Kongo da Jamhuriyar Afirka ta Tsakiya da Gini Ikwatoriya su ke amfani da ta biyun, babban bankinsu BEAC kuma hedikwatarsa tana nan Yawunde. Jakar da ka zo da ita daga Maraɗi ba za ta saya maka ko ruwan leda ba sai ka canza, mai canji kuma zai cire nasa.

Avenue Kennedy a kwari take. Kogin Mfoundi, wanda aka sa wa lardin sunansa, ta tsakiyar garin ya ratsa, an rufe wani sashensa da kankare. Damina sau biyu ake yi a Yawunde, daga Maris zuwa Yuni, sannan daga Satumba zuwa Nuwamba. In aka yi ruwa mai ƙarfi, duk abin da ya sauko daga tuddai nan yake taruwa, leda da robobi su toshe magudanai, titi ya koma kogi. An gina babbar magudanar Mfoundi da taimakon Bankin Raya Afirka, abin ya ragu, amma bai ƙare ba. In ka ga hadari ya haɗo daga gabas 'yan tebur sun fara tattara kaya, bi sahunsu.

Babbar kasuwa, Marché Central, tana kusa. Gini ne zagayayye mai hawa-hawa, ka shiga ta wata ƙofa ka fito ta wata ka rasa gabas. Tufafi da takalma da kayan kwalliya sun fi yawa. Kayan miya sai kasuwar Mfoundi, gwanjo da araha kuma sai Mokolo, can kusa da mu.

Tudun ma'aikatu

In ƙafa ba ta gaji ba, mu hau tudun da ma'aikatu suke. A can ne Gidan Tarihi na Ƙasa yake, a cikin ginin da gwamnan Faransa ya zauna, Ahijo kuma ya gaje shi a matsayin fada kafin a gina sabuwar fada a Etoudi. Ana biyan kuɗin shiga, kuma kowa na da izinin shiga. Na nanata wannan don na sha jin ɗalibai suna cewa ai wurin na Turawa ne da manyan mutane. Kayan sarautar arewa na ciki, da na Bamun da Bamileke da mutanen gaɓar teku.

Tun da mun ambaci Bamun, akwai mutumin da ya kamata duk mai karatun manya ya san labarinsa, Sarki Njoya na Fumban. Ya ga rubutun Larabci a hannun fataken Hausawa da malaman Fulani, daga baya ya ga na Turawa. A ƙarshen ƙarni na 19 ya zauna da fadawansa suka ƙirƙiro wa harshensu rubutu nasa na kansa. Da farko alamomin ɗaruruwa ne, ya yi ta tacewa yana ragewa har suka dawo kusan 80. Ya buɗe makarantu, aka rubuta tarihin masarautarsa da wannan rubutu. Faransawa ba su ji daɗin ƙarfinsa ba, suka ɗauko shi daga Fumban suka ajiye shi a Yawunde a 1931, a nan ya rasu a 1933. Duk wanda haruffa talatin da 'yan kai suka yi wa yawa a wannan aji, ya tuna da mutumin da ya fara da ɗaruruwa, ba malami ba allo.

Can gaba ta wajen Ngoa-Ekelle, unguwar jami'ar da aka kafa a 1962, akwai hasumiyar tunawa da haɗewar ƙasa, wadda aka gina a shekarun 1970, murɗaɗɗiya kamar macizai biyu da suka naɗe juna suka haɗa kai a sama. Wannan sai wata rana.

Hanyar dawowa

A dawowa ku riƙa karanta sunayen da ke jikin motoci da alluna, za ku ga wasu kalmomi na maimaituwa. Na Ewondo ne, kuma uku daga ciki sun isa su buɗe maka rabin taswirar garin. Nkol tudu ne, don haka Nkolbisson da Nkolndongo da Nkol-Eton duk sunayen tuddai ne. Mvog zuriya ce, Mvog-Ada da Mvog-Mbi da Mvog-Betsi suna nufin zuriyar wane, kamar yadda muke cewa gidan wane. Elig kuma wurin da wani ya bari gado ne, kamar Elig-Essono da Elig-Edzoa. Kafin kwalta da benaye, ƙauyukan dangi ne a kan tuddai, kowa da gonarsa. Bastos kuwa, unguwar jakadu da masu hali, sunan kamfanin taba sigari ne da ya yi masana'anta a wurin. Ashe unguwar talakawa ta ci sunan bulo, ta attajirai ta ci sunan taba.

Daga Warda in ka ɗaga kai za ka hango zauren taro na Palais des Congrès a kan tudun Nkol-Nyada, can bayansa kuma dutsen Febe. Birnin yana kimanin mita 750 sama da teku, shi ya sa iskar yamma ke da sanyi, ba kamar zufar Duwala ba. Masu zuwa tashar jirgi su rabu da mu a nan. Layin dogon ya isa Ngaundare a 1974, tafiyar fiye da kilomita 600, jirgin yakan tashi da yamma ya kwana a hanya. Sauran mu sai mu hau gangaren da muka sauko, wanda yanzu ya zama hawa, hayaƙin masu nama na yi mana jagora.

Tambayoyi da aikin gida

1. Faɗi sunaye uku da ake kiran unguwarmu da su, da wanda ya raɗa kowanne.

2. Ta waɗanne garuruwa fatake suka biyo kafin su iso ƙasar Ewondo? Me suke nema, me suke kawowa?

3. Me ya faru ranar 20 ga Mayu 1972? Shekara nawa ke nan tsakaninta da 1 ga Janairu 1960?

4. Rubuta abubuwa biyar da ya kamata a gani a jikin rasit ɗin sayen waya.

5. Baƙo ya sauka a tashar jirgi, ba ya jin Faransanci, yana son zuwa gidanka. Rubuta masa kwatance cikin layi biyar, da abin da zai faɗa wa direban tasi.

Kafin zama na gaba, ku haɗu biyu-biyu ku bi hanyar nan da ƙafa, daga masallaci zuwa gidan waya. Kowa ya tafi da littafinsa da fensir, ya kwafo rubutun alluna goma yadda ya gan su, ko bai san ma'anarsu ba. Wanda ke da dattijo a gida da ya girma a unguwar, ya tambaye shi abin da ke wurin da zauren wasanni yake yanzu, ya rubuto amsar da kalmomin dattijon.